Majinyacin Ɗaki Na Uku

Sana'ata ƙaryar ciwo ce, kuma shekara goma sha huɗu ina yin ta ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, sai da na ɗauki wan mijina da hannuna na kai shi wurin.

Sunana Loretta Halasz. Makarantar likitoci ta garinmu, nan arewacin Ohio, tana ɗaukar irinmu tsofaffi ta ba mu takarda: yau ke ce matar da gefen cikinta ke ciwo, shekarunki kaza, ciwon ya fara ranar kaza. Sai ki haddace, ki saka rigar asibitin nan mai buɗaɗɗen baya, ki hau gado. Ɗalibi ya shigo ya yi tambayoyinsa, ya taɓa nan ya danna can, minti goma sha biyar ƙararrawa ta buga, ya fita wani ya shigo. Dokar ɗaya ce tak. Abin da ke takarda shi za ki faɗa, ba ƙari ba ragi, kuma yadda kika yi wa na farko haka za ki yi wa na ƙarshe.

Ɗaki na huɗu nawa ne. Tun da mijina Stan ya rasu, nan ne kaɗai wurin da ake tambayata yaya na kwana, a kuma tsaya a ji amsa. Amsar ta ƙarya ce, na sani. Amma ina son ɗakin nan, ba na ɓoyewa.

To, Norbert, wan mijin nawa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani asibiti yana buga bayanan likitoci: likita ya yi magana a kaset, Norb ya toshe kunne da abin ji ya buga a takarda. Bai taɓa riƙe hannun majinyaci ba. In ya yanke wurin aski sai ya nemi kujera. Amma ya yi ritaya da kunne cike da sunayen cututtuka, kuma ba shi da inda zai juye su sai kanmu.

"Loretta, likitan ƙwarai ba ya rubuta kumburin ƙafa ya yi shiru," in ji shi. "Sai ya ce kumburin ƙafa sakamakon gazawar zuciya. Ƙaiƙayi sakamakon ciwon ƙoda. Sakamakon! Duk ciwon da kika gani da ido ɗan aike ne. Ni wanda ya aiko shi nake nema."

Inda ya fi neman sa shi ne wurin soyayyen kifin Juma'a da ake yi a ɗakin ƙasan coci lokacin azumin Kirista. Ranar nan Wanda Dombrowski, maƙwabciyata, ta yi tari sau biyu, Norb ya ajiye cokali.

"Wanda, tarin nan ba daga huhu yake ba. Zuciya ce."

"Ƙaya ce, Norb."

"Haka duk suke cewa."

Ta tura yatsa ta ciro ƙayar ta ɗora masa a gefen faranti. Ya juya ta da cokali, ya ce wannan ba ta hana wancan ba.

Sal mai aski kuwa, hannu kawai ya sosa. Norb ya yi masa bayanin ƙoda har mutum ya kasa ƙarasa kifinsa, ya je ya ɓata kwana biyu ana ɗibar jininsa. Ashe sabulun wanki matarsa ta canja. Tun daga nan Norb ke askin kansa, kuma ana gani. Fada, limamin cocin, ma bai tsira ba. Ya yi hamma, Norb ya matso da kujera ya ce irin wannan hamma dole sakamakon wani abu ce.

"Ƙwarai kuwa," in ji Fada. "Sakamakon zama kusa da kai ce."

Wanda ce ta ja ni gefe wurin wanke-wanke. "Don Allah ki kai shi can wurinku. Can ciwon na ƙarya ne, ba wanda zai mutu."

Ni kuma da shegen tausayi, na tuna ɗan'uwan Stan ne, na kai shi.

Madam Ojeda, wadda ke kula da mu, ta dubi Norb sama da ƙasa. Shi kuwa ya riga ya gaya mata cewa tana da alamar ƙarancin jini.

"Loretta, ke kika tsaya masa?"

"Ni ce."

"To ki ji da kyau. In ya ɓata mini jarrabawa, ƙofa ɗaya za ku bi ku biyun."

A mota ya buɗe mini shirinsa. Wai takardun da ake ba mu na yara ne. Ranar babbar jarrabawar Maris, Dakta Pillai, babban likitan fiɗa, yakan zauna a ɗakin kyamarori yana kallo. Da ya ga aikin Norb sau ɗaya, shi ke nan.

"Kafin bikin Ista ni zan riƙa rubuta takardun nan. Ke ma zan gyara miki naki. Ciwon gefen ciki kawai, shekara goma sha huɗu? Haba. Ba kya jin kunya?"

"Ka taɓa mini ciwona ka gani."

Ranar gwajinsa na farko aka ba shi ciwon kai na mutumin da ke buƙatar tabarau. Ya ƙara da gumin dare, da ramewa, da wani kawu da ya mutu yana magana da bango. Ɗalibar da ta duba shi ta fito tana neman inda za ta zauna. Madam Ojeda ta yi masa gargaɗi. A na biyu aka ba shi targaɗe. Wannan karon bai ƙara komai ba, sai dai ya tashi zaune ya gyara wa ɗalibin yadda ake furta sunan ƙashin, ya sa shi ya maimaita sau uku, ƙararrawa ta buga ba a duba ƙafar ba. Madam Ojeda ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta kalla.

Da babbar jarrabawa ta zo, sai ta zaɓo masa takardar da ba ta da wurin ɓatawa. Mista Brandt, shekara sittin da takwas, ya kwashe dusar ƙanƙara da shebur a ƙofar gida, bayansa ya riƙe. Ba zazzaɓi, ba komai. Ɗaki na uku, jikin nawa.

Ana gobe jarrabawa da la'asar na biya gidansa in ji haddarsa. Na tarar da gwangwanayen kurkur har shida a kan tebur, da tukunya a kan wuta.

"Wannan fa?"

"Miya."

Norb, wanda tun da matarsa ta rasu bai taɓa dafa abin da ya wuce ruwan kofi ba. Da ina da hankali da a nan na gane.

"Me ke damunka, Mista Brandt?" na tambaye shi.

"Bayana."

"Sai me kuma?"

Ya leƙa takardar. "Ba komai."

"Rantse."

"Loretta, bakina ba zai ƙara kalma ɗaya a kan takardar nan ba."

Kuma in za a yi masa adalci, bakinsa bai ƙara wani ciwo ba.

Da safe ya zo cikin ƙatuwar kwat, da mayafin wuya har hanci, da hula, da safar hannu, yana tafiya kamar agwagwa. Ya ƙi canja kaya tare da sauran maza, ya shige banɗaki ya kulle, daga nan ya zarce ɗaki na uku. Abin da ya faru a ciki ban gani da idona ba a lokacin, ina nawa ɗakin ina nishi. Daga baya aka nuna mini a bidiyo, sau uku, Madam Ojeda tana tsaye a kaina.

Norb ya zauna ya yi nazari, ya ga cewa ciwon baya ba zai zo haka kawai ba, dole hanta ce ta aiko shi. Mai ciwon hanta kuwa yana da shawara, yana da ruwa a ciki, yana da kumburin ƙafa. Don haka ya juye kurkur a bahon wanka ya jiƙa kansa awa biyu. Ya cika leda biyu ya ɗora a tumbi, ya ɗaure da ɗamarar matse ciki ta marigayiyar matarsa. Sannan ya ɗaure ƙasan gwiwoyinsa da igiyar roba irin ta ɗaure kaya a keke, don ƙafafu su kumbura, riga ta rufe.

Za ku ce ina masu kallon kyamara? Allon ɗaki na uku wata huɗu ke nan yana nuna kowa rawaya. An kai ƙara ba a gyara ba. Dakta Pillai ya kalli Norb da safen nan ya ga mutum kamar kowa.

Ɗalibi na farko wani dogo ne, Ezra Whitlock. Ya shigo, ya wanke hannu, ya juyo, ya tsaya.

"Mista Brandt, me ya kawo ka?"

"Bayana."

"Ka lura cewa... launinka ya canja?"

"Kai ne likita."

Yaron ya ja fatar idonsa ƙasa ya duba. Shawara a ido take fara bayyana, ko ni na san wannan. Idon Norb fari fat.

"Idonka fari ne."

"Ba ta hau can ba tukuna. Tana hanya."

Ezra ya rubuta wani abu mai tsawo ya fita. Ƙofa na rufewa Norb ya leƙa ƙafafunsa, ya ga kumburin bai kai yadda yake so ba, ya ƙara wa kowace roba zagaye ɗaya.

Ta biyu ta nemi ya ɗaga riga ta duba ciki, ya ce sanyi yake ji, ta duba ta sama. Ta buga gefen dama, gefen hagu ya amsa. Ta sake bugawa, ya sake amsawa.

"Tun yaushe cikinka yake haka?"

"Ni bayana na kawo."

"Yallaɓai, cikinka yana ƙara."

"To ki tambaye shi."

Ta fita tana ƙirga wani abu da yatsu. Norb ya sake ƙara wa roba zagaye.

Ta uku Imani Rutledge ce, 'yar ƙarama, ba ta da yawan magana. Ita ba ta damu da launi ba, ta san wani lokacin akan yi mana kwalliyar ciwo. Ta ji ciwon baya, ta taɓa ciki, sannan ta gangara ƙasan gado ta cire masa safa. Ƙafar ta yi sanyi ƙalau, yatsu sun koma shuɗi. Ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar tana neman bugun jini. Ta koma ɗayar. Ta dawo ta farkon.

Ana iya ƙaryar nishi, ana iya ƙaryar tari. Bugun jini kuwa ba wanda ya iya ɓoye shi.

"Yallaɓai, yanzu ba jarrabawa nake ba," in ji ta. "Tsakani da Allah, kana jin ƙafarka?"

Nan ne wurin da aka koya mana mu ce na fita daga wasa. Norb ya yi murmushi. "Wace ƙafa?"

"Bayanka na ciwo, cikinka ya cika, jini ba ya isa ƙafafunka. Ina jin babbar jijiyar cikinka ce ta fashe."

"Madalla! Kin ga, wannan ko ni ban kawo ta ba. Faɗi sunanta na likitoci in ji."

Ta danna jan maɓalli.

Ina tsakiyar cewa "wayyo gefena" jiniya ta ɗauka. Ɗakuna goma sha biyu suka buɗe lokaci guda. Ɗalibai suka fito, mu ma muka fito, tsofaffi goma sha ɗaya kowa ya kai hannu baya ya riƙe rigarsa. Mai sanƙarau ya manta yana juya wuya, mai karaya ya zo da gudu. Sai ga Dakta Pillai da mutum huɗu suna turo gado mai taya.

Norb ya ga abin ya girma, ya diro don ya yi bayani a tsaye. Ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya zube, aka cicciɓe shi aka ɗora, aka turo shi tsakiyar baranda gaban kowa.

"Ku dakata, zan yi bayani..."

"Kar ka yi magana," in ji Dakta Pillai. "A kira ɗakin fiɗa. A kawo jini."

"Jini? Wane jini? Loretta!"

"Na'am," na ce. Ban matsa ba.

"Almakashi," in ji Dakta Pillai.

Dakta Pillai ya tsarge rigar daga wuya zuwa ƙasa. Ya ga ɗamara mai leshi a baki, ya ɗan dakata, ya ci gaba. Almakashin ya ratsa ɗamara, ya ratsa leda. Fush! Ruwa ya wanke masa hannu, ya gangara ya cika masa takalmi. Wani abu ja ya mirgina ya tsaya gaban Madam Ojeda.

Dakta Pillai ya ɗaga hannunsa ya sunsuna.

"Wannan romon kaza ne?"

"A rubuce ruwan ciki launin karan alkama yake," in ji Norb daga kwance. "Na buga shi ya fi sau dubu. Ruwan famfo ba zai ba da launin ba."

"Yana cikin leda, cikin ɗamara, cikin riga. Wa zai gani?"

"Ga shi kun gani."

Madam Ojeda ta sunkuya ta ɗauki jan abin. Karas ne.

Imani ce ta hango robobin ta datse su. Jini ya ruga ƙafafun, Norb ya kurma ihun da shi ne gaskiya ta farko da ya faɗa a ginin nan. Dakta Pillai ya lakaci goshin Norb da auduga, bai goge ba. Ya tambaya, aka ce kurkur ne. Ya gyaɗa kai, ya ciro 'yar na'urar da yake ɗaukar bayani, ya yi magana a cikinta da muryar da Norb ya shekara talatin da ɗaya yana saurara.

"Namiji, shekara saba'in. Mutuwar ƙafafu ta ɗan lokaci, sakamakon igiyar keke. Kumburin ciki, sakamakon miya. Launin fata, sakamakon kayan miyar. Dukkansu sakamakon Mista Halasz."

Da Norb ya yi shiru a nan, da wataƙila an yi dariya an watse. Ina! Ya ɗaga yatsa.

"Likita, ba ka ƙarasa ba. Shi Mista Halasz ɗin, sakamakon me?"

Madam Ojeda ta juyo a hankali, Dakta Pillai ya bi idonta, ɗalibai suka bi nasa. Ina tsaye riƙe da bayan rigata, mutum arba'in suna kallona.

A ofis, bayan bidiyo na uku, ta ce jarrabawar safiyar gaba ɗaya ta rushe, sai an sake. Imani kaɗai aka bar wa makinta, don Dakta Pillai ya ce da abin gaske ne da ta ceci rai.

"Kin ji?" in ji Norb. "Ni na fito da ita."

"Rufe mini baki," na ce. Wallahi hawaye ne a idona, kuma ba na takarda ba. Na ce wa Madam Ojeda ta kore shi, ta yi masa duk abin da ta ga dama, amma ta bar mini ɗakina.

"Na faɗa miki tun farko, Loretta. Ɗaki na huɗu na ba wata."

Ta bar ni na ji zafin maganar sosai, sannan ta ce akwai gado ɗaya da kowa ke gudu. Ɗaki na goma sha biyu, inda ɗalibai ke koyon yadda ake gaya wa dangi an yi rasuwa. Mutum-mutumin robar da ke kwanciya a can ya lalace. Ana buƙatar gawa, ana buƙatar 'yar'uwa mai kuka.

"Takardar gawar layi nawa ce?" in ji Norb.

"Ba ta da takarda."

"To me ya kashe ni?"

"In ka sake magana, ni."

Yau mako biyar ke nan. Kurkur bai gama fita ba, sai Madam Ojeda ta ce a bar shi, ya dace. A wurin kifin Juma'a Wanda takan tambaye shi ya jikin, Sal kuwa ya ce ya yafe masa, zai yi masa askin ƙarshe kyauta. Norb yana gaya wa mutane an ɗaga shi zuwa matakin da duk cututtuka ke ƙarewa.

Ni kuwa ba mai tambayata yaya na kwana. Nakan zauna a kujera gefen gado, hannuna cikin mayafi. Ɗalibi ya shigo, ya jawo kujera, ya sassauta murya ya ce, "Madam, mun yi iya ƙoƙarinmu. Ya rasu." Ni kuma in tambaya, yadda takarda ta ce, me ya faru. Ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. A daidai nan mayafin yakan fara motsi wajen baki, sai in kama naman cinyar Norb in murɗe har motsin ya kwanta. Sau takwas a rana.

Jiya Madam Ojeda ta ba ni takardar kimanta aikina. Ta rubuta cewa kukana yana da kyau, ɗalibai suna ƙaruwa. Gyara ɗaya ta sa a ƙasa, da jan biro: in an ce ya rasu, in rage murmushi.